Yadda Za Ka Sanar da Sunan Jaririya Kafin a Raɗa Shi

A Gafasa akwai wani gida da Allah ya rufa wa asiri. Mai gidan, Malam Muhammad Bashir, yana koyarwa a Islamiyya da safe, ya leƙa gona da yamma. Matarsa Halima Sadiya ce, amma kowa Uwa yake ce mata. Ɗansu Garzali manomi ne, ya auro Rukayya daga Toranke, ga shi ta haifa masa 'yar fari. Akwai gero a rumbu, akwai rago a turke, akwai dangi tun daga Balan har Legas. Abu ɗaya gidan ya rasa, shi ma ba su san sun rasa shi ba sai da Sadisu, ƙanin Garzali, ya gama koyon kwamfuta ya shaida musu: ba su da shafin intanet.

Kai mai karatu, idan ka ɗan taɓa kwamfuta, kana kuma son dangi su riƙa ambatonka har tsufanka, to gyara zama. Matakan da ke tafe ba sa kuskure. An gwada su a gidan nan, kuma sakamakon yana nan da ransa, yana tafiya da ƙafafunsa, har an sa shi a firamare. Ka bi su a hankali, ba gaggawa. Gaggawar na'ura za ta yi maka ita.

Mataki na ɗaya: Ka nemo matsalar da babu ita

Tun zamanin kakanni, yadda ake jin sunan jariri a Gafasa ba ya wuce haka: a taru da safe, uba ko kaka ya raɗa wa liman, a yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya, yara su kwasa a guje su kai cikin gida. Na nesa kuma a buga musu waya. Ba wanda ya taɓa kwana bai ji ba.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Sadisu ya zauna ya nuna wa yayansa irin wahalar da 'yan uwa na nesa ke sha, su da sai an gama addu'a sannan a kira su ɗaya bayan ɗaya kamar ba dangi ba. Ya ce zai yi shafi mai furanni, da hoton ƙafar jaririya, da gurbi a tsakiya. Da an raɗa suna zai shigar da shi daga wayarsa, nan take na Kano da na Legas su gani tare. Garzali, wanda hankalinsa ke kan ragon da ya ƙi cin dusa, ya ce to. Ka riƙe wannan: “to” ɗin mutumin da bai saurare ka ba izini ne cikakke.

Mataki na biyu: Ka ɗauki ma'aikata biyu, kada ka gabatar da su ga juna

A nan sai ka ɗan yi haƙuri da bayani, ba shi da wuya. Shafin intanet ba ya motsi da kansa, sai da umarnin da aka rubuta masa, wanda masu sana'ar ke kira kod. A shafi irin na Sadisu, kod ɗin kamar ma'aikata biyu ne. Na farko ɗan aike ne: da an buɗe shafin sai ya ruga can ma'ajiya ya ɗauko sunan. Na biyu sanƙira ne: aikinsa ya rubuta sunan a gurbi da manyan baƙaƙe.

To, ɗan aike tafiya yake yi, tafiya kuwa tana cin lokaci. Wani sa'in ma ya je ya tarar ba a ajiye komai ba. Shi kuwa sanƙiran kwamfuta ba irin na gari ba ne. Na gari yakan tsaya ya ga leɓen liman ya motsa. Na kwamfuta, idan ba ka ce masa ya jira ba, da an buɗe masa ƙofa zai yi shela. Idan ya duba hannunsa bai ga suna ba, ba zai ji kunya ya yi shiru ba. Akwai wata kalmar Turanci da yake faɗa a irin wannan hali, ma'anarta “ba a fayyace ba”, mutanenmu kuma suna karanta ta andifain.

Saboda haka ka saki ma'aikatan nan biyu a tare, kowa ya kama gabansa. Kada ka gaya wa ɗaya cewa akwai ɗayan.

Mataki na uku: Ka yi gwaji a inda komai ke aiki

Sadisu yana aiki a wani shagon buga takardu a Gaya, inda sabis yake da ƙarfi kamar rijiyar damina. A can ya yi gwajinsa. Ya sa sunan gwaji a ma'ajiya tun kafin ya buɗe shafin, ya danna, sunan ya fito tsaf. Ya sake dannawa, ya sake fitowa. Ya jingina da kujera ya sayi lemo.

Haka ake so. Kada ka kuskura ka gwada a Gafasa, inda sai an hau tudun bayan masallaci ake samun sabis ɗin intanet. Kada kuma ka gwada da ma'ajiya babu komai. Mai gwada abin da zai iya lalacewa neman ɓacin rai yake yi.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa Sadisu natsuwa. Shi a nasa ganin, suna ba wani abin ɓoyo ba ne. Shi na shida ne a ɗakin Uwa, tun yana ciki kowa ya san Sadisu ne ke tafe. Mutumin da sunansa ya riga shi zuwa duniya ba zai gane dalilin da zai sa a jira suna ba.

Mataki na huɗu: Idan ka ga alama, ka saya mata agogo

Wata rana da hantsi sabis ya ɗan yi rauni a shagon, sanƙira ya riga ɗan aike, kalmar nan ta bayyana a tsakiyar furanni. Sadisu ya gan ta da idonsa.

Mai ƙaramin sani zai tsorata a nan. Kai kada ka tsorata, ka yi abin da Sadisu ya yi. Ya rubuta wa sanƙira cewa idan an buɗe shafi ya ɗan ƙirga a zuciyarsa tukuna, sannan ya yi shela. Bai ce masa ya duba ko ɗan aike ya dawo ba, ƙirga kawai. Wannan dabara tana da daɗi domin ta yi kama da haƙuri. Kamar ka ce wa mai ɗora tukunya ta sauke idan an kira sallah, ko abincin ya nuna ko bai nuna ba.

Idan kana son ƙarin ƙwazo, akwai wata hanyar. Ka sa sanƙira ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya: ya dawo? ya dawo? ya dawo? ba numfashi, ba ya barin kowa ya wuce. Sadisu ya gwada wannan a wayar Malam. Wayar ta ɗauki zafi kamar an ciro ta daga murhu, ta ƙi gaba ta ƙi baya, har Malam ya rasa kiran wani ɗalibinsa. Malam bai yi faɗa ba, ya dai tambaya cikin natsuwa ko shafin nan yana cin wayoyi ne. Sadisu ya cire wannan, ya koma wa agogonsa.

Mataki na biyar: Ka guji shawara mai sauƙi

Wannan shi ne mataki mafi haɗari, don a nan mutane da yawa ke faɗuwa su yi abin da ya dace.

Sagiru, abokin aikin Sadisu, ya leƙo ta kafaɗarsa ya karanta kod ɗin. Ya ce ai abin ba ya bukatar agogo. A bar sanƙira ya zauna abinsa, a gaya wa ɗan aike cewa idan ya dawo da suna a hannu shi zai taɓa shi ya tashi. Idan ya dawo hannu wofi, a bar gurbin da kalma ɗaya: tukuna. Ya ce layi kaɗan ne, kafin shayi ya huce an gama.

Sadisu ya juyo ya dube shi.

“Tukuna? A shafina? Gwaggo Baiwa ta buɗe a Kano ta ga tukuna, ta ce yaron nan bai gama koyo ba?”

“To ai gaskiya ce, ba a raɗa ba tukuna.”

“Kai dai ka tsaya a fotokwafi, Sagiru. Shafi mai aji ba ya cewa bai sani ba.”

Ka haddace wannan amsa. Tukuna kalma ce ta masu noma da masu jego da masu jiran ruwan sama. Wanda ya yi kwas ba ya faɗinta, ba ya kuma barin na'urarsa ta faɗa.

Mataki na shida: Ka raba adireshin tun da wuri

Kada ka jira sai suna ya shiga ma'ajiya. Tun ana sauran kwanaki Sadisu ya tura adireshin shafin a guruf ɗin dangi, ya ce kowa ya buɗe da safiyar suna, bayan an fito daga masallaci. Ya ƙara da cewa duk wanda ya buga waya yana tambaya ya nuna bai waye ba. Wannan jumla ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai, ita ce ke toshe hanyar da gaskiya za ta bi ta iso.

Sai ka goge sunan gwaji, ka bar ma'ajiya fayau, ka yi barcinka.

Mataki na bakwai: Ranar suna, ka bar na'ura ta yi aikinta

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an kawo goro da dabino, liman ya zauna. Amma Malam ya ce ba za a raɗa ba sai surukai sun iso daga Toranke, ga shi motarsu ta yi faci a hanya. Sunan yana cikin bakin Malam, bai gaya wa kowa ba, har Garzali. Jama'a suka ci gaba da hirar taki da farashin wake. Ba wanda ya damu, don ba a Gafasa aka fara jiran surukai ba.

Shafin ne kaɗai ba a gaya masa ba. A Kano da Legas da Balan dangi suka buɗe kamar yadda aka umarce su. Sanƙira ya ƙirga abin da aka ce ya ƙirga, ya duba hannunsa, ya yi shela a tsakiyar furanni: Alhamdu lillahi, an raɗa wa jaririya suna Andifain. Allah ya raya.

Sadisu na can kan tudun bayan masallaci yana neman sabis, da yatsa a shirye. Wayar Uwa ce ta fara ƙara a cikin gida. Gwaggo Baiwa ce, ƙanwar Malam, wadda jikarta ta karanta mata. Ta yi barka, ta yi addu'a, sannan ta sassauta murya ta tambaya ko sunan daga wajen dangin Rukayya ne, don ita dai a nasu gidan ba ta taɓa jin sa ba. Uwa ta ce wane suna. Gwaggo ta maimaita, matan da ke tsakar gida suka ji, suka maimaita wa na ɗaki.

A irin wannan lokaci kana bukatar masani, kuma Allah ba ya hana dangi masani. Hafizu, ɗan wan Malam, yana shekararsa ta farko a karatun Larabci a Kano. Ya rubuta a guruf cewa jama'a su daina mamaki, sunan yana da asali. Ya ce duk kalmar da ta ƙare da “aini” tana nufin abu biyu, kamar Hasanaini, don haka daidai furucin shi ne Andifaini, wato Andif guda biyu. Da aka tambaye shi mene ne Andif ɗin, ya ce zai duba. Mutum fiye da goma suka yi masa jinjina, wata ta ce ma sha Allah, gidan malamai sai suna mai zurfi.

Can surukai suka iso, Malam ya sunkuya ya raɗa wa liman, aka shafa fatiha. Sanƙiran gari ya miƙe ya ce sunan yarinya Halima Sadiya, an yi wa Uwa takwara. Sadisu ya shigar da sunan yana murmushi, shafin ya gyaru tsaf. Sai da ya sauko daga tudu ya ga saƙonni.

Mataki na takwas: Ka koma gefe, al'ada za ta ƙarasa maka

Da a wani wuri ne, da an yi dariya an manta kafin a sauke tuwo. Amma duba yadda abin ya zauna daram.

Yarinya ta ci sunan Uwa. Ke nan Garzali ba zai iya kiran sunan ba, don na mahaifiyarsa ne. Sadisu ma haka, Rukayya kuwa ko da wasa, sunan surukarta ne. Duk gidan ba mai buɗe baki ya ce Halima. Dole sai an nemo sunan da za a riƙa kiranta da shi. Wato an sake samun wani gurbin da ba kowa a ciki.

Rukayya tana da abin da za ta sa a gurbin. Tun cikin yana ƙarami ta yi zaton idan mace ce Uwa za a yi wa takwara, ta kuma zaɓi Umaima ta ajiye a ranta. Amma 'yar fari ce. Uwar 'yar fari ba ta ɗaga kai ta ce ga abin da take so a kira 'yarta, ko kallonta ba ta cika yi a gaban mutane ba. Sai ta gaya wa yayarta Khaula a asirce, suka shirya cewa idan matan Toranke sun iso da yamma, Khaula za ta ɗauki jaririya a gaban taro ta ce ga Umaima, shi ke nan ya bi ta. Haka ake yi, a jira mai faɗa, a jira lokacin faɗa.

Kafin yamma, yaran gidan sun gaji da Andifaini sun gutsure shi ya koma Andi. Masu shigowa barka suna tambaya ina Andin take. Uwa, wadda ke da ikon tsokanar jikarta yadda ta ga dama, ta karɓe ta ta ɗaga sama tana dariya har da hawaye.

“Ke ce Andi biyu? To ni ɗaya na gani, ina kika baro ɗayar?”

Tsakar gida ta ɗauka. Da Khaula ta iso da la'asar, ta karɓi jaririya ta ce ga Umaima, sai matan suka ce Allah sarki, suna mai daɗi. Wata yarinya ta ja zanenta ta ce, Inna, ki miƙo Andi za a yi mata hoto. Khaula ta miƙa.

Ka lura, a duk wannan matakin ba ka ɗaga ko yatsa ba.

Mataki na tara: Ka raba laifi daidai wa daida

Za a neme ka, don haka ka tanadi amsa. Sadisu ya gaya wa Garzali cewa sabis ne. Ya gaya wa Gwaggo Baiwa cewa wayar jikarta tsohuwa ce. Ya gaya wa Sagiru cewa faci ne, da motar Toranke ba ta tsaya ba da agogonsa ya yi daidai. Malam kuwa bai tambaye shi komai ba, ya dai ce a gaya wa Hafizu ya daina dubawa.

Mutum ɗaya ce za ta ba ka wahala. Bayan an watse, Sadisu ya shiga gaida mai jego da ledar sabulu a hannu. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, ya yi zaton da wasan zai fita. Ya ce amaryarmu an sha hidima, ya fara bayanin ɗan aike da sanƙira. Rukayya tana ninke kayan jaririya, ba ta ɗago ba har ya gama.

“Sadisu, na ce ko na'urar taka ba a koya mata kunya ba?”

Ya yi dariya, ya ce ai na'ura ba ta san wannan ba.

“Ni da na haife ta na iya yin shiru tun safe har la'asar. Ita da ba ta san zafin naƙuda ba, ta kasa.”

Idan an gaya maka irin wannan, kada ka tsawaita zama. Ka ajiye sabulun ka fita. Washegari ka koma shago ka yi gyaran da Sagiru ya faɗa, a ɓoye, lokacin da ya fita sallah. Sadisu ya yi, kuma gyaran ya yi kyau. Yanzu shafin yana jira kamar mutumin kirki, yana cewa tukuna. Shekaru ke nan yana cewa tukuna, don an haifi yara uku a gidan bayan nan, ba wanda ya sake ba shi suna ya sa.

Abin da ba a ɗauki alhakinsa ba

Wanda ya tsara waɗannan matakai ya tsara su ne don ilimi kawai. Ba ruwansa da wayar da ta yi zafi, ko gwaggon da ta yi fushi, ko matar wa da ta daina zuba maka nama a miya. Idan an raɗa wa 'yar gidanku abin da ba ya cikin kowane littafi, kai da danginku ne. Idan kuma wata rana yarinyar ta girma ta zo ta tambaye ka, kada ka turo ta nan, ba a ajiye maka amsa ba.

Ita ta Gafasa ta tambaya. Tana aji uku, ta dawo daga hutu a Toranke, ta sami Baffa Sadisu a zaure yana gyaran wata waya. Ta ce a makaranta Halima Bashir ake kiranta, a gida Andi, amma Inna Khaula Umaima take ce mata, kuma ta lura idan Inna Khaula ta faɗa, mamarta takan juya baya ta kama wani aiki. Ta ce wanne ne nata.

Sadisu ya ajiye wayar. Ya ɗauko murfin kwalba ya ce wannan ɗan aike ne, ya ɗauko dutse ya ce wannan sanƙira ne, ya tura murfin can ƙarshen tabarma, ya nuna mata yadda dutsen ya yi magana murfin bai dawo ba. Wannan karon bai ambaci sabis ba, bai ambaci faci ba. Yarinyar ta daɗe tana kallon murfin, sannan ta je ta ɗauko shi ta ajiye kusa da dutsen.

Ta gane cewa mamarta ta riga kowa yi mata suna, ta ajiye tana jiran lokacin faɗa, kuma Baffanta ne bai gaya wa dutsen ya jira ba.